Alkawarin Hannun Hagu

Ranar sunan ɗan Hadiza a Gummi ina zaune a zaure na ji wani tsoho, wanda ko mangwaro bai taɓa kaɗowa da jifa ba, yana gaya wa ɗan'uwanku Nasiru wai ubanku ne ya zubar wa ƙasa da wasa a gasar ƙwallon hannu ta Afirka, wai tsoro ne ya kama ni na rasa inda zan sa ƙwallo. Nasiru ya yi dariyar yaƙe ya tashi ya ba shi wuri. Ni ban tanka ba, don gidan suna ba wurin gardama ba ne, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na daɗe da lura cewa tun kuna yara ba wanda ya taɓa tambayata labarin wannan wasa a cikinku, kullum zagaye shi kuke yi, kuna tsammanin abin kunya ne. To ba abin kunya ba ne, ba kuma tsoro ba ne. Ga yadda aka yi nan zan rubuta muku, ku karanta ko bayan ba ni, in wani ya sake kawo muku zancen ku san abin da za ku ce masa.

Ni bahago aka haife ni. A gidanmu kuwa wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kakanku, Garba Dillali, dillalin shanu ne a karar Gummi, wato kasuwar dabbobi, mutumin da arzikinsa da mutuncinsa duk suna cikin hannunsa na dama. Da shi yake shafa sa ya san ƙibarsa, da shi yake haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma in ya ba ka wannan hannu a kan magana, to ta zauna ke nan, ko da daga baya wani zai zo da tayin da ya fi. Ku duba irin wannan mutum a ce ɗansa na fari yana kai hagu cikin akushi. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka, bai taɓa dukana a kai ba. Tsumma yake sa a naɗe mini hannun in za a ci abinci, ya zauna gabana yana kallo har in gama. Da haka na iya ci da dama, na iya rubutu da dama, na iya gaisuwa da miƙa abu da dama, kuma har gobe ina gode masa a kan cin abincin. Sai dai na tashi ina jin hannuna na hagu kamar wani ɗan'uwa ne mai abin kunya da ake ɓoyewa in baƙi sun zo.

Inna kuwa Bafulatana ce daga Gwashi, can ƙasar Bukkuyum, kuma ita tata dabarar daban ce. Ba ta taɓa musa wa Baba a gabana ba. Da dawa ta fara nuna sai ta ce kawuna yana neman mai koron tsuntsaye, ta haɗa ni da masu zuwa kasuwa. A can, saman rumfar da ake kafawa tsakiyar gona, ba mai kallon hannun kowa. Kawu zai tara mini hoge, wato busassun dunƙulen ƙasa, in wuni ina jifa tun hantsi har rana ta yi sanyi. Na kai ina zaɓen zangarniya guda daga nesa in ce ita zan sama, in kuma same ta. In na dawo gida Inna ta kan kama damtsena na hagu ta matsa, ta yi murmushi, ta ce:

"Wanga ya ci abinci ya hi ɗan'uwa nai. Yi kurum, kada ka hwaɗa ma babanka."

A makarantar kwana ta Anka wani malamin motsa jiki ya gan ni na jefi shirwar da ta sauko wa 'yan tsakin mai gadi, ya kira ni ya sa mini ƙwallo a hannu. Tunda yawancinku ba ku taɓa tsayawa kun kalli wasan ba, bari in gaya muku abin da ya kamata ku sani don ku gane sauran labarin. Da hannu ake yin sa, ana miƙa wa juna ƙwallo har a jefa ta raga. A gaban kowace raga akwai wani zane kamar rabin faifai, ba mai taka cikinsa sai mai tsaron raga. An yarda ka yi tsalle ka bi ta samansa, amma dole ka saki ƙwallon kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, in ba haka ba alƙali ya busa, a ba abokan hamayya. Wanda ke wasa a kusurwar dama kuwa, in da dama yake jifa, ragar a rufe take gare shi, amma bahago in ya tashi sama hannunsa tsakiyar fili yake kallo, raga ta buɗe masa. Shi ya sa masu wannan wasa suke neman bahago ido rufe. Ranar da malamin nan ya ɗaga hannuna na hagu gaban yara ya ce Allah ya yi mini baiwa, sai da na waiwaya in ga ko da wani yake. Daga Anka aka kai ni ƙungiyar jiha a Sakkwato, lokacin nan duk jiha ɗaya muke, kuma ba zan cika ku da labarin waɗannan shekaru ba.

Shekarar da nake son ku sani ita ce wadda aka kira ni ƙungiyar ƙasa, za a tafi gasar da ƙasashen Afirka ke haɗuwa. Kocinmu na jiha da kansa ya zo Gummi neman izini, don na gaya masa ba na fita ƙasar waje sai Baba ya ce to. Aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta aiko da fura, ya yi ta bayani Baba yana saurare yana jan carbi.

"Malam, kac ce da hannun hagu shika wasan ga?"

"Da shi fa, Baba. Shi ne ma abin da ake nema wurinsa."

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ni ina ɗamrewa, ku kuna bida."

Da baƙo ya tafi sai ya kira ni. Na durƙusa, na san in ya ce a'a ba mai sake ta da zancen.

"Haruna, ban hana ka ba. Ka jehi ragassu da hannun da Allah ya ba ka, wanga ba ruwana. Amma abu guda nika so gare ka. Duk inda kat tahi, duk wanda yag girme ka, Balarabe na ko Bature, kada ka miƙa mai komi da hagu. Kada a ce ɗan Garba ya tahi ƙasar mutane ya gwada ba a yi mai tarbiyya ba."

"Ko ƙwallo, Baba?"

"Ƙwallon ba abu ta ba? Ko ita."

Inna tana bakin ƙofa tana jin mu. Ita da ba ta sa baki a maganarsa, ranar sai da ta yi magana.

"Malam, ka taɓa ganin hilin nan? Ka san yadda aka yin wasan?"

"Ban san wasa ba, amma na san girma."

"To ka san ɗanka. Abin da kaɗ ɗora mai ba shi ajewa."

Baba ya juyo gare ni. Hannunsa na dama ya miƙo mini ya ce in kawo nawa. Tunda nake ban taɓa riƙe wannan hannu haka ba, irin riƙon da yake yi wa manyan mutane a kara. Tafin yana da kaushi da ɗumi, ya matse nawa ya girgiza, ya ce Allah ya kai lafiya. Na fita daga zauren ina jin yau na zama mutum. Alkawarin kuwa bai yi mini nauyi ba a lokacin, don dama haka nake wasa, da hagu nake jefa raga, da dama nake miƙa wa manya, kuma mai wasa a kusurwa yawanci shi ake miƙa wa ya ƙarasa.

A sansanin horo ni ne ƙarami, ba wanda ban kira Yaya ba. Ba a daɗe ba kocin ƙasa, wani dattijon Bayarabe mai ido kamar na dillali, ya gano ni. Ya tsai da wasa ya tambaye ni dalilin da ƙwallo ke yawo daga hannu zuwa hannu kafin ta bar wurina. Da na gaya masa sai fili ya kece da dariya, har mai tsaron raga yana kwanciya ƙasa. Shi bai yi dariya ba. Da Hausarsa ta barikin soja ya ce mini jifana ne kawai ya sa zai tafi da ni, amma ranar da wannan al'ada ta ci mu wasa, ranar na gama sa rigar ƙasa muddin yana nan. Na ce na ji. Kyaftin ɗinmu kuwa wani ne Bitrus, mutumin Filato, ƙato mai faɗin ƙirji wanda ke tsayawa daidai bakin zanen nan cikin masu tsaron abokan hamayya, ana dukansa ana jan rigarsa yana dariya. Ya daɗe yana yi wa ƙasa wasa, gwiwoyinsa duk sun gaji, kuma kowa ya san wannan ce gasarsa ta ƙarshe. Shi ya ɗauke ni ƙane, shi ya koya mini ɗaura igiyar kujerar jirgi. Bayan horon ranar ya dafa kafaɗata.

"Ƙanena, ni na yafe maka. Cikin fili babu babba babu yaro. Ka ba ni da hagu, da ƙafa ma ka ba ni in alƙali ya yarda."

"Yaya, ba kai na yi wa alkawarin ba."

Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce Allah ya sa kada ranar ta zo.

Yanzu kuna ganin komai a waya, ba abin da ke ba ku mamaki, don haka ban san yadda zan sa ku ji abin da na ji ba. Ni da babban ruwan da na sani shi ne gulbi in ya kawo da damina, sai ga ni ina leƙen teku ta tagar jirgi, ruwa har inda ido ya ƙare, na yi ta salati har Bitrus ya ce in rage wa sauran fasinjoji. Wata ƙasar Larabawa ce a arewacin Afirka, birnin a bakin ruwa yake, fari fat. Amma duk wannan bai kai ɗakin wasan ba. Mu a gida fili muka sani, siminti ko turɓaya, rana tana dukanka. Can kuwa ɗaki ne guda wanda zai haɗiye karar Gummi da shanunta, rufi a sama ba ginshiƙi ko ɗaya da ya tokare shi. Na tsaya ina neman abin da ya riƙe shi har aka ture ni daga baya. Daɓen yana sheƙi, in ka faɗi ba ya cin fata. Fitilu sun mai da cikin ɗakin kamar tsakar rana. Aka kawo mana wani danƙo a gwangwani ana shafawa a yatsu, ƙwallo ta manne a hannu har ka ɗaga ta da yatsa uku. Ranar buɗe gasa da ƙasashe suka jeru kowa da tutarsa, ga farare, ga baƙaƙe irinmu da ba ma jin ko kalma ɗaya ta bakinsu, ga waɗansu dogaye da sai na ɗaga kai nake ganin haɓarsu, a ranar na san cewa Afirka da muke faɗa a baki ba ƙaramin abu Allah ya yi ba. Da aka sa taken ƙasarmu na tuna rumfar Gwashi, hawaye suka zubo mini, ban ko share ba.

Abin da ya fi girgiza ni kuwa a wasan masu masauki na gan shi. Suna da wani bahago, dogo siriri, wanda in ya tashi sama sai ka ce ya manta da saukowa. Duk sanda ya ci, ɗakin nan gaba ɗaya ya ɗauki sunansa da waƙa, ganguna suna tashi har kana jin su a haƙarƙarinka. Da aka tashi sai ya zagaya yana ɗaga wa jama'a hannun hagu, mutane suna rububin taɓa shi, na ga wani tsoho mai furfura, sa'an Baba, ya kama hannun nan ya sumbace shi. Na dubi nawa da ke kan cinyata. Ashe akwai inda ake yi wa hagu haka a duniya. Na yi ta juya shi ina kallo kamar yau aka ba ni shi.

Wasanninmu na farko sun yi mini kyau, ba yabon kai ba. In ƙwallo ta iso ni a kusurwa na taka na tashi, akwai wani ɗan lokaci da komai ke tsayawa, hayaniya ta koma nesa, ba kowa sai ni da mai tsaron raga da ɗan gurbin da ya bari. Na jefa na ci, na sake na ci, har 'yan kallonsu suka fara yi mini tafi, su da ba su san ko sunan garinmu ba. Koci ya daina harara ta. Na fara tsammanin zan koma gida da alkawarina da rigata duka biyu.

Sai wasan da zai raba masu wucewa gaba da masu komawa gida. Da wata ƙasa muka haɗu wadda ta fi mu suna nesa ba kusa ba, kuma kunnen doki ma ya ishe mu wucewa. Ba wanda ya ba mu rai, amma muka riƙe su, su ci mu rama, su ci mu rama, har ɗakin ya koma bayanmu, don mutane suna son ganin ƙarami ya tsaya wa babba. Bitrus ranar ba mutum ba ne. Leɓensa ya fashe, an yage masa riga, yana ta ihu yana tattaro mu. Lokaci ya zo ƙarshe suna gabanmu da ƙwallo ɗaya, ƙwallo kuma tana hannunmu, hari ɗaya ya rage. Aka yi ta juya ta ana neman ƙofa, ba ƙofa, sai aka wurgo mini ita a kusurwa.

Na taka na tashi, kuma ban taɓa tashi irin na ranar ba. Mai tsaron ragarsu ya riga ya karance ni, ya fito ya baje hannuwa da ƙafafu ya rufe ko'ina, ko allura ba ta wucewa. Da na jefa da jikinsa zan jefa. Amma fitowar da ya yi ta bar ragar a buɗe ta tsakiya, masu tsaronsu biyu sun biyo ni, sai ga Bitrus shi kaɗai a bakin zane, ya buɗe hannuwa. Na ji muryarsa cikin duk wannan ƙara.

"Ƙanena!"

Ƙwallon tana hannuna na hagu, hannun kuma yana kallonsa. Ɗan karya wuyan hannu kawai ake bukata, abin da yaron firamare zai yi. Ku saurara da kyau, don nan ne mutane suke ƙarya. Ban ruɗe ba, ban ji tsoro ba, a rayuwata ban taɓa ganin abu sarai kamar yadda na ga wannan ba. Na ga Bitrus, na ga ragar, na san abin da zai faru in na saki. Kuma a daidai nan na ji tafin Baba cikin hannuna na dama, da kaushinsa da ɗuminsa, kamar yanzu ya matse shi. Mutumin da ke can Gummi, wanda bai san ko ana wasan a wannan sa'a ba, ga hamada gaba ɗaya tsakaninmu, amma maganarsa ta iso ni a sama ta tsaya. Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi. Ni na zaɓa, da hankalina. Na mai da ƙwallon hannun dama, na ce ko Allah zai sa in riga ƙasa, na tura masa. Ta isa hannunsa daidai, ya juya ya zuba ta a raga, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Amma ni na riga na ji ƙafata ta taɓa daɓe kafin ƙwallon ta bar yatsuna, alƙali ma ya gani. Usur ɗinsa ya riga ihun. Ya nuna inda na taka, ya kashe cin, kafin su ɗauki ƙwallon lokaci ya cika.

Bitrus ya durƙusa a bakin zanen ya kifa goshinsa a ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. A ɗakin canza kaya ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Koci ya tsaya gabana ya ce, "Na gaya maka," ya wuce. Ni ina zaune da danƙo a yatsu na kasa ko kwance takalmi, sai Bitrus ya zo ya zauna kusa da ni, ƙaton nan idonsa jawur.

"Ka gan ni?"

"Na gan ka, Yaya."

"Da hagu da ta iso?"

"Da ta iso."

Ya murza gwiwarsa, ya ce, "Babanka yana da ɗa. Ni kuwa ba ni da wata gasar."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da zai tashi sai da ya shafa kaina. Wannan magana ta fi komai ciwo a abin da ya same ni, har yau tana yi mini ciwo. Ban rubuta wannan don in ce muku na yi daidai ba, ban kuma rubuta don in ce na yi kuskure ba, na bar wa Allah wannan. Koci ya cika maganarsa kamar yadda na cika tawa, ba a sake kirana ƙungiyar ƙasa ba. Na ƙara 'yan shekaru a jiha, daga nan na koma koyar da motsa jiki a Bukkuyum, inda aka haifi yawancinku.

Labari ya riga ni isa Gummi, don an faɗa a rediyo cewa ɗan wajenmu ne ya taka zane a harin ƙarshe, kuma a kara ba abin da ke ɓuya. Masu cewa tsoro na yi, masu cewa Larabawa sun yi mini asiri. Baba bai tambaye ni a gaban mutane ba, sai da 'yan sannu da zuwa suka watse ya ce in gaya masa yadda aka yi. Na zana masa filin a ƙasa da tsinke, na nuna masa inda nake da inda Bitrus yake, na gaya masa komai.

"In da ka miƙa da hagu hwa?"

"Da mun wuce, Baba."

"Tabbas?"

"Tabbas."

"Shi babban naku, mi yac ce?"

Na maimaita masa maganar Bitrus yadda take. Ya daɗe yana kallon zanen da na yi a ƙasa, sannan ya tashi ya sa takalmi ya fita. Kwanaki bai sake ta da zancen ba, abinci ma sai ya taɓa ya ture. Inna ba ta ce ai na faɗa ba, ba halinta ba ne, amma duk unguwa ta san da magana a bakinta daga yadda taɓaryarta ke sauka a turmi. Ni kuwa na rasa gane ko fushi yake da ni ko me, ina ta kaffa-kaffa a gidan.

Ranar kasuwa da la'asar ya dawo daga kara tare da abokan dillancinsa, suka zauna ƙofar gida gindin darbejiya kamar yadda suka saba. Inna ta dama fura ta ba ni in kai. Na durƙusa gabansa na miƙa ƙwaryar da hannun dama. Bai karɓa ba.

"Sake hannu."

"Baba?"

"Nac ce sake hannu. Ba ni da hagu."

Abokansa suka juyo suna kallonmu. Wani tsoho cikinsu ya ce, "Haba Garba, gaban mutane?"

"Ku yi kurum. Ni naɗ ɗamre, ni ka kwancewa, kuma gabanku nika son yi."

Na mai da ƙwaryar hannun hagu. Na miƙa masa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya kafa kai. Na ga maƙogwaronsa ya daina motsi, amma bai sauke ƙwaryar daga fuskarsa ba sai da aka jima. Da ya sauke bai dubi kowa ba sai ni.

"Kai ka cika naka. In ka ga mutumen nan Bitrus, ka ce mai Garba Dillali na roƙon gahwara tai. Ni nac ci mai wasa nai, ba kai ba."

Na ce to. Na yi cigiyarsa wurin tsofaffin abokan wasa, aka ce ya bar aiki ya koma ƙauyensu, wani ya ce a'a, kudu ya tafi. Na je Jos da kaina har sau biyu ban same shi ba. Baba ya yi ta tambayata ko na isar, har shekarar da ya rasu, kullum amsata ɗaya ce. Saƙon yana wurina har yanzu, ni kuma ƙafa ta fara gazawa. In Allah ya haɗa ɗayanku da shi, ko da wani nasa, ku gaya masa ɗan Garba Dillali na Gummi ya aiko ku, ku isar masa da maganar kakanku yadda ya faɗe ta.